Wa Za Mu Kashe Yau?

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman daji? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Direban da ke kai muku kaya ya ce har yanzu babu sabis a wajen dam ɗin naku, sai mutum ya sha tafiya kafin waya ta kama, shi ya sa na koma biro da takarda kamar mutanen da. Na san za ka juya ambulan ɗin kana tunanin wace ce wannan. Ni ce dai, jikar ƙanwar kakanka, wadda ke zama a tagar kati a ƙaramin asibitin unguwarmu. Zumuncin da nisa, na sani, amma tunda ni nake leƙa Gwaggo, matar da ta goya ka ta yi maka wanki har ka zama mutum, dole ka karanta ni ko kana so ko ba ka so.

Gwaggo tana nan a ɗakinta na bayan shagon tela. Hawan jinin ya sauka, gwiwa ce ta ƙi. Matakalar asibitinmu ta gagare ta, don haka ni nake karɓo mata magani in kai mata, in zauna ta ba ni labarin ƙiriniyarka, wanda na haddace tun tuni. Ta ce ka rame a hoton da ka aiko, wai ko can ba a cin abinci ne.

Ga abin da ya kawo ni. Ka san an daina katin takarda a wajenmu, komai ya koma kwamfuta. Ranar da aka kawo manhajar, Likita mai asibitin har da murmushinsa, wai ya saya ya huta. Ashe ba a gama gaya masa ba. Manhajar tamu ce, amma rumbun da take zuba bayanan marasa lafiya a ciki lasisinsa daban. Ɗaya manhajar ta ofis, wadda ke buga mana takardar magani da ta tura mara lafiya babban asibiti, ita ma lasisinta daban. Kamar a sayar maka da gida ne, sai ka tare a ce maka ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta haya ce, ƙofar ma ta haya ce. To duka biyun suka ƙare lokaci ɗaya. Mutumin kamfanin ya kawo takardar farashi, Likita ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa, ya ce ko gadaje da bencunan asibitin ya haɗa ya sayar ba za su kai ba. Da ƙyar ya biya na ofis, don in babu shi ko takarda ɗaya ba za ta fito ba. Rumbun kuwa aka mayar da mu na kyauta.

Na kyautar nan shi ne bala'in. Akwai iyakar mutanen da yake ɗauka, in ya cika ya cika. Wani ɗan layi ne a ƙasan allo, da kore ne, ya koma rawaya, shekaranjiya ya yi ja. Wata mata ta zo da ɗanta jikinsa zafi zau, na danna in buɗe masa fayil, kwamfuta ta ƙi. In babu fayil babu lamba, in babu lamba ɗakin magani ba zai ba ka ko ƙwaya ɗaya ba, haka aka ɗaure abin tun farko. Sai wani wuri muka tura ta, tana kallona ta gilashi kamar ni na ƙi ta. Ranar ko abinci na kasa ci.

Ba kai ne kake cika mana baki da sanin kwamfuta ba? To yau ranarka ce. Gaya min yadda zan yi, da Hausar da zan gane, ba irin wadda kake yi wa Gwaggo a waya tana ta cewa to, to ba.

Ƙanwarka ta bayan taga.

*

'Yar Taga,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, har da zagin da kika naɗe a ciki. Lafiyata ƙalau. Ki ce wa Gwaggo hoton ne ya rame, ba ni ba, kuma ki lallaɓa ta ta riƙa ɗan takawa ko daga ƙofa zuwa shagon tela ne. Abin da kike yi mata ni ya kamata in yi, na sani. Allah ya saka miki da alheri.

Maganar rumbu kuwa, kin tayar da hankalinki a banza. Haka kamfanonin nan suke, su ba ka manhaja da araha, abin da take tsaye a kai su tsuga masa kuɗi. Amma akwai dabara, kowa a aikinmu ya san ta. Irin wannan na kyauta ba duk fayil yake ƙirgawa ba, masu rai kawai yake ƙirgawa, wato waɗanda ake aiki da su. Na tabbata rabin mutanen da ke cikin naku sun daɗe ba su tako asibitin ba. Wasu sun tashi daga unguwar, wasu sun warke sun manta da ku. Ki jera su daga wanda ya fi daɗewa bai zo ba, ki riƙa kashe na sama. Duk wanda kika kashe, wuri ya samu. Ban ce ki share ba fa, kar ki share komai, kashewa kawai. Za ki ga layin nan naki ya koma kore.

A tsaye nake rubutun nan, direba sai danna min hon yake yi. In abin ya yi, ki tuna wanda ya cece ki, ki rage rashin kunya.

Yayanki.

*

Yaya Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Gwaggo ma lafiya. Na karanta mata wasiƙarka, ta ce hoto ba ya ƙarya.

Dabararka ta yi aiki, ka ji daɗi. Amma na sha wahala kafin in sami wurin kashewar. Na bi manhajar sama da ƙasa, wuri ɗaya kawai na gani da ke fitar da mutum daga cikin masu rai: wani ɗan akwati a ƙasan fayil, wanda ake danna wa mutum in ya rasu. Da farko hannuna ya ƙi. Sai na sake ɗauko takardarka, na ga ka ce masu rai kawai ake ƙirgawa, ka kuma ce in kashe, na ce ai Yaya ya fi ni sanin aikinsa. In ka danna, sai ya tambaye ka ranar rasuwa. Ni kuma ban san wata rana ba, sai in sa ta yau. Ina gama na farko layin ya ɗan motsa. Kafin azahar ya koma kore shar, Likita ya leƙo ya ce in gaishe ka, wai kai ne injiniyan gaskiya.

Yanzu abin ya zama wasa a asibitin. Sista, babbar nas ɗinmu, da ta shigo da safe, kafin ma ta ajiye jaka, sai ta ce, “'Yar Taga, wa za mu kashe yau?” Ungozoma kuwa daga ɗakin haihuwa take ƙwala min kira, wai an sauka lafiya, a kashe mana ɗaya. Jiya wani tsoho a kan benci ya ji haka, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, sai da aka bi shi aka ba shi haƙuri. Mun yi dariya har da hawaye.

Amma Yaya, bari in gaya maka abin da ban gaya musu ba. Kowane fayil da hoton mai shi a gefe. In na danna akwatin, sai hoton ya dushe ya koma toka-toka, idon mutum yana kallona yana dushewa. Sannan firinta, ba tare da na sa ta ba, sai ta yi gyaran murya ta turo takardar shaidar rasuwa, da suna da ranar da na sa. Aikin manhajar ofis ɗin nan ne da aka biya wa kuɗi, ba ta fashi ko sau ɗaya. Ina ninke takardun ina tura su cikin durowa. Na kama kaina ina ce wa kowane hoto ya yi haƙuri kafin in danna. Ka yi dariya in ka ga dama.

Kuma ba su kai yawan da ka ce ba. Unguwar nan haihuwa ake yi ba kama hannun yaro, ga baƙi kullum, layin ba ya daɗewa yake komawa ja. Waɗanda suka daɗe ba su zo ba sai ƙarewa suke yi, na ƙasa suna hawowa. Gwaggo, da yake ni nake karɓar mata magani, kwamfuta ta ɗauka ta daina zuwa. Ina kallon sunanta yana hawa a hankali. Yau da na kunna, ita ce a kan gaba.

Me zan yi? Ka ba ni amsa da wannan direban.

Ƙanwarka.

*

'Yar Taga,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai dai mura. Ruwa ya doki motar kaya a hanya, wasiƙarki ta jiƙe, tsakiyarta duk ta dame. Farkonta da ƙarshenta kawai na iya karantawa, amma sun ishe ni. Na ga kin ce dabara ta yi aiki. To, ban gaya miki ba? Ki ce wa Likitanku ina amsawa, kuma in ya ƙara samun matsala ya san inda zai aiko.

Ki ci gaba da kashewa, kar ki ji komai. Mu nan kullum cikinsa muke, wanda ya bar aiki a kashe shi, in ya dawo a kunna shi, kamar fitila. Ba abin tsoro ba ne.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne layinki na ƙarshe, inda kika ce Gwaggo ce a kan gaba. Wallahi har na ji ƙwalla. Tsohuwar nan ta sha layi a duniya saboda ni, layin makaranta, layin asibiti, layin ruwa. In yau an wayi gari ita ce ta farko a wajenku, ai kin gama min komai. Kar ki ji nauyin kowa, kar ki tsallake ta don kunya. Ki fara da ita.

Za a mayar da mu ɗaya gefen dam ɗin, inda motar kaya ba ta cika zuwa ba. In kin ji ni shiru, shi ne dalili.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Gwaggo lafiya, kuma da na bi maganarka da yanzu ban san me zan rubuta a wannan layin ba.

Ki fara da ita. Haka ka rubuto min. Ka buɗe idonka ka karanta wannan da kyau, na naɗe ta a leda don kar ka sake cewa ruwa. A manhajarmu babu wata fitila da ake kashewa a kunna. Akwatin rasuwa nake dannawa. Matattu nake mayar da mutane, da rana da takardar shaida. Layin da Gwaggo take kan gabansa, layin waɗanda za a kashe ne. Na kira mutumin kamfanin na tambaye shi yadda ake dawo da wanda aka danna, ya ce ana yi, amma sai da cikakken lasisi. A na kyauta hanyar zuwa ce kawai, babu ta dawowa.

Da a kwamfuta abin ya tsaya da da sauƙi. Ka tuna mai gyaran agogon nan na bakin titinmu, mai gilashi ɗaya a ido? Yana cikin waɗanda na fara dannawa. Bayan nan da kwanaki, da hantsi, sai na ɗaga kai na gan shi a tagata, ya turo lambarsa ta ƙarƙashin gilashi. Na buga, hotonsa ya fito toka-toka. Kunya ta kama ni, na ce Baba ka ɗan zauna, akwai matsala a na'ura. Ya je ƙarshen benci ya zauna ya ɗora hannu a gwiwa. Mutane suka yi ta zuwa suna tafiya. Bencin ya cika har wasu na tsaye, amma wata mata mai ciki ta zo ta tsaya daidai gabansa tana neman wuri, ba ta ko ce masa ya matsa ba. Na ce wa Sista ta taimaka ta duba tsohon can ko ba lamba, ta kalli bencin ta ce wane tsoho. Kafin in nuna mata, aka kira ta. Da aka tashi daga aiki na duba, ba ya nan.

Shekaranjiya 'yarsa ta kawo ragowar maganinsa, wai ko wani zai amfana, tunda Allah ya yi wa babanta rasuwa. Na yi mata gaisuwa, na tambaye ta yaushe. Ta faɗi ranar. Na buɗe durowa na nemo takardarsa. Ranar da na sa ce, Yaya. Ranar da na danna shi ya rasu, a kan teburinsa, da agogon wani a hannu. To wa ya zo ya zauna min a benci?

Na fara bin sawun sauran a ɓoye. Ban sami labarin kowa da kowa ba, amma duk wanda na sami labarinsa, gaisuwar mutuwa na yi. Na kai wa Likita maganar, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce tsofaffin da suka daina zuwa asibiti ai yawanci mutuwa ce ta hana su, kar in mayar da kaina Mala'ikan Mutuwa a kan kujerar roba. Ya ce gajiya ce, in sha magani in yi barci. Ina so in yarda da shi, wallahi ina so.

Na yi ƙoƙarin saukar da Gwaggo daga saman layin. Na ɗauko tasi, ni da tela muka ɗaga ta muka hau da ita matakala tana ta yi mana faɗa. Likita ya duba ta, ya rubuta da hannunsa cewa ta zo. Washegari na kunna kwamfuta, tana nan a sama, tana min murmushin nan nata na hoto. Likita ya ce na kyauta ne, ba a rasa shi da shirme.

Yanzu waɗanda suka daɗe ba su zo ba sun ƙare kaf. Daga Gwaggo sai mutanen da nake gani kullum, masu awon ciki, yara masu tari, mai ciwon suga da ke kawo min lemo. Na daina dannawa. Layin ja ne, baƙi sai dai in ce su je gaba, Sista ta fara tsaki, Likita ya ce asibiti ba ya tafiya haka. Ban san ranar da za su ƙure ni ba.

Ka nemo mana lasisin nan ko ta wace hanya. Ban taɓa roƙonka komai ba. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Sallama. Shiru, shiru, har yau ba amsa. Ban yi fushi ba, ka ce za a mayar da ku gefen da mota ba ta zuwa. Gwaggo tana lafiya. Ɗazu na hango ta a ƙofar ɗaki tana shan hantsi, tana gyara wa tela zancensa.

Sun ƙure ni. Kwanakin baya da safe aka haifi wani yaro, numfashinsa sama-sama, leɓensa ya yi duhu. Likita ya ce a tura shi babban asibiti yanzu-yanzu. Su kuma can ba sa karɓar jariri sai da takardar da na'ura ta buga, mai lamba. Motar da za ta kai shi tana waje an kunna ta, uban yana tsaye a tagata ya dafa gilashi da hannu biyu, kallona kawai yake yi. Sista ta shigo ta tsaya a kaina ta ce in danna na saman, tsohuwa ce, kuma ai kwamfuta ce kawai, in an sami lasisi a dawo da ita. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to in zaɓi wani. Na gangara ƙasa ina duba hotuna, duk wanda na tsaya a kansa na san muryarsa. Ta ce, “Yaron nan zai mutu kina lissafi,” ta miƙo hannu za ta danna da kanta.

Sai na tuna ni ma ina da fayil. Duk ma'aikaci yana da shi, nawa tun wani zazzaɓi da na yi. Na ture hannunta na buga sunana. Hoton na ranar da na fara aiki ne, na ci ado kamar mai zuwa biki. Ban ba shi haƙuri ba, na danna kawai, na sa ranar da ake ciki. Layin ya ɗan motsa, na buɗe wa yaron fayil, firinta ta turo takardu biyu. Sista ta fizgi tasa ta ruga. Tawa na ninke na sa a durowa tare da sauran. An ce yaron ya isa da rai, har ya yi kuka a can.

Ban mutu ba, ka kwantar da hankalinka. Ga ni ina rubutu, ina jin sanyin fanka, ƙafata ma ta yi tsami don zama. Sai dai tun daga ranar abubuwa sun ɗan canza. Mai shayin ƙofar asibiti, wanda da tun daga nesa yake haɗa min nawa, na tsaya a gabansa na yi magana sau biyu, ya miƙa wa na bayana. A titi sai in riƙa kaucewa, don ba wanda ke kauce min. Sista ta leƙo ta gilashi, idonta a kan kujerata, ta ce ina yarinyar nan ta shiga ne. Na ce ga ni. Ta yi tsaki ta wuce. Marasa lafiya suna turo lambarsu, ina bugawa ina tura musu, suna ɗauka ba na gode, kamar tagar ce take yi da kanta.

Abu ɗaya ya yi min daɗi. Da na kunna kwamfuta washegari, Gwaggo ta sauka daga sama, ta koma can tsakiya cikin mutane. Na daɗe ina kallon sunanta.

Na je tasha na yi wa direba sallama bai amsa ba, zan sa wannan a cikin jakarsa. Don Allah in ta iso ka rubuto min, ko layi ɗaya ne, ka ce ka gani. Ina so in ji wani ya amsa min.

Ƙanwarka ta bayan taga.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki lafiya. Ni lafiyata lau, amma hankalina ba ya jikina.

Wasiƙarki ta cikin leda ta daɗe a tasha kafin ta iso ni. Ina karantawa na ajiye aiki na bi motar farko zuwa garin da ke kusa da mu. Kashewar da na ce miki irin tamu ce ta wajen aiki, ban taɓa kawowa taku manhajar ba ta da ita ba. Na roƙi shugabanmu ya ba ni albashina na gaba, na haɗa da abin da na tara, na kira kamfanin. Na biya. Ga lambar lasisin a ƙaramar takardar da ke ciki, na rubuta ta manya-manya. Mutumin ya ce da zarar an saka ta layin zai buɗe, kuma duk wanda aka danna za a iya dawo da shi. Sai dai dole daga kujerar da aka danna, da lambar sirrin wanda ya danna. Ke kaɗai ce za ki iya.

Akwai abin da ban gane ba. Direba ya ba ni wani ambulan, ya ce a jakarsa ya tsince shi, bai san wanda ya sa ba. Babu suna a bayansa, tambarin asibitinku ne ya sa ya kawo min. Na buɗe, takarda ce fara fat, gaba da baya, ko ɗigon tawada babu. Amma da na karkata ta wajen haske sai na ga sawun biro, layi bayan layi, har ƙasa. Ina shafawa ina jin inda kika danna da ƙarfi. Na yi iya yina, na kasa karanta ko kalma ɗaya.

Da na sami sabis na kira wayarki. An ɗauka. Ina jin fanka, ina jin mutane suna tari, ina jin firinta tana aiki, amma ban ji ki ba. Na yi ta kiran 'Yar Taga, 'Yar Taga, har kuɗin wayar ya ƙare. Na sake sa kuɗi na kira Sista. Ta ce tun ranar da aka tura wani jariri babban asibiti ba ta ƙara sa ki a ido ba, amma aikin taga bai tsaya ba, ita tana zaton ungozoma ce ke yi, ungozoma tana zaton ita ce. Na ce ta je ta duba tagar yanzu ina kan layi. Ta je. Ta ce kwamfuta a kunne take, kujera ba kowa. Sai ta ce za ta kira ni, ta kashe wayar.

Ban san me kika yi ba, amma ina jin na sani. In haka ne, ki saka lambar nan ki nemo sunanki tun kafin na kowa. Na ce wa direba ya ajiye wannan ambulan nawa a kan tagarki ya tura shi ta ƙarƙashin gilashi, ko bai ga kowa ba. Ni ma ina hanya, da an ba ni izini.

Na kira tela, ya kai wa Gwaggo wayar. Muryarta garau, har ta yi min faɗan rama. Ta ce maganinta bai taɓa yankewa ba, in ya kusa ƙarewa sai ta tarar da sabo a kan tabarmarta, a ƙulle irin ƙullinki. Sai kuma ta fara kuka. Ta ce in tambaye ki laifin me ta yi miki, da za ki zo har ɗakinta ki ajiye ki juya, ba sallama ba zama. Ta ce in faɗan ranar tasi ne, ki yafe mata, tsufa ne. Ta daina rufe ƙofa, kullum tana zaune tana kallon hanya ko za ki shigo.

Yayanki.